Mako Guda a Birnin Salbador: Sawun Hausawa da Harshensu a Ƙasar Birazil

1.0 Gabatarwa

Daga cikin manyan biranen Amurka ta Kudu babu wanda tarihinsa ya cuɗanya da na ƙasar Hausa kamar Salbador, babban birnin jihar Bahiya da ke arewa maso gabashin Birazil. A farkon ƙarni na 19 an yi ta sauke bayi Hausawa a tashar jiragen ruwansa, har suka yi yawan da ya kai su ga tayar wa hukuma hankali sau da dama. Sun bar takardu da rubutun Larabci, da wasu kalmomi a bakin jama'a, da wani abinci wanda har gobe da sunansu ake kiransa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da mai nazarin harshe da al'adu zai iya gani a wannan birni idan ya ba shi mako guda. An zaɓi mako ne domin tsohon garin ƙarami ne, da ƙafa ake zagaya shi, kuma yawancin abin da ake nema ba a rubuce yake a jikin bango ba, sai an zauna an lura. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Za a bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, a tsaya inda akwai abin tsayawa, musamman a kan kalmomin da aka ce na Hausa ne.

2.0 Birnin da Yadda Hausawa Suka Je Shi

Turawan Fotugal ne suka kafa Salbador a 1549 ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, ya kuma zama hedkwatar mulkinsu a Birazil har 1763, lokacin da aka mayar da ita Riyo-di-Janero. Birnin yana kan wani tsinin ƙasa ne tsakanin Tekun Atlantika da wani makeken mashigin teku mai suna Baía de Todos os Santos. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun kai kimanin miliyan 2.4, kuma wajen kashi 80 cikin 100 baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Harshensu Fotuganci ne.

Arzikin Bahiya a zamanin da ya dogara ne a kan rake da taba, su kuwa waɗannan a kan bayi suka dogara. Daga cikin 'yan Afirka kusan miliyan 5 da aka kai Birazil, kimanin miliyan ɗaya da rabi a Bahiya aka sauke su. Akwai dalilin da ya sa fataken Bahiya suka fi karkata ga gaɓar tekun da ke tsakanin Wida da Ikko. Suna da wata taba mai araha wadda ake shafa wa maɗin rake, mutanen wannan gaɓa kuwa sun fi son ta da kowace irin taba, saboda haka da ita ake musayar mutane. Pierre Verger ya yi cikakken bayanin wannan ciniki a littafinsa na 1968.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, sai kamammun yaƙi suka yawaita. Kowane ɓangare yana kama na ɗaya ɓangaren, saboda haka waɗanda aka gangara da su ta ƙasar Oyo zuwa bakin teku sun haɗa da mutanen jama'a da mayaƙan sarakunan Haɓe, da kuma fatake da manoma waɗanda tsautsayi ya rutsa da su a hanya. A takardun Bahiya ana rubuta sunansu Ussá ko Aussá ko Haussá. Ana kiran Yarabawa Nagô, Nufawa Tapa, Barebari kuwa Bornu. Yawancin Hausawan maza ne matasa, da yawansu kuma sun san makami tun daga gida. Wannan shi ne tushen abin da ya biyo baya.

3.0 Litinin da Talata: Garin Tudu da Garin Gangare

Abin da ya kamata baƙo ya fara fahimta shi ne, Salbador gari biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Akwai garin tudu, inda fadar gwamna da majami'u da gidajen masu hali suke, akwai kuma garin gangare a bakin ruwa, inda tasha da rumbunan kaya da kasuwanni suke. Tun 1873 wata na'urar hawa da sauka mai suna Elevador Lacerda, mai tsawon mita 72, ita ke haɗa su. Kafin a gina ta kuwa a kafaɗar 'yan Afirka ake hawa. Su ne 'yan dako, su ne masu ɗaukar attajirai a kujerun da ake rataya wa sanda. Bawa yakan fita da safe ya yi aikin lada, ya kawo wa ubangidansa wani yankakken kuɗi a ƙarshen mako, abin da ya ragu nasa ne. Da irin wannan tari ne wasu suka fanshi kansu. 'Yan dakon sukan taru rukuni-rukuni a kusurwar titi, kowane rukuni da shugabansa, kuma galibi 'yan ƙabila ɗaya ne. Wanda ya san yadda zango yake a Kumasi ko Ibadan ba zai sha wahalar gane abin da wannan tsari ya haifar ba: wurin aikin shi ne wurin jin labarin gida, da koyon karatu, da ƙulla shawara.

Ranar Litinin ta isa a hau a sauka, a zauna a dandalin da ke bakin na'urar a dubi teku. A gefen dandalin akwai tsohon ginin majalisar gari, wanda a ƙarƙashinsa kurkuku yake a da. Za a sake komowa kansa.

Talata ranar unguwar Pelourinho ce. Ma'anar sunan shi ne turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. A 1985 hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu kuwa cike take da shaguna da makaɗa. A dandalin Terreiro de Jesus akwai tsohuwar makarantar likitanci wadda aka kafa a 1808, a cikinta kuma aka buɗe gidan adana kayan tarihin Afirka da Birazil a 1982. A wannan makaranta ne likita Nina Rodrigues (1862–1906) ya koyar. Ra'ayinsa game da baƙar fata gurɓatacce ne irin na Turawan zamaninsa, amma shi ne ya bi tsofaffin 'yan Afirka da suka rage a birnin ya rubuta kalmomin Hausa da Barbarci da Nufanci daga bakinsu. An buga littafin nasa a 1932, bayan mutuwarsa.

Da yamma sai a gangara zuwa majami'ar Rosário dos Pretos, wadda wata ƙungiyar baƙaƙen Kirista ta fara ginawa a 1704, ta kuma ɗauki shekaru masu yawa tana yi, domin sai bayan an tashi daga aikin iyayengiji ake zuwa a ɗora dutse. Kowace Talata ana yin addu'a a cikinta da ganguna.

4.0 Laraba: Takardun 1835

Laraba ta gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya ce, wanda ke unguwar Baixa de Quintas. A nan aka ajiye bayanan shari'ar tawayen da ake kira na Malê, tare da takardun Larabci da aka ƙwace daga jikin mutane da ɗakunansu.

A daren Asabar 24 ga Janairu 1835, wayewar garin Lahadi, cikin goman ƙarshe na watan azumi, Musulmin birnin suka shirya tashi. Wata 'yantacciyar mace mai suna Guilhermina ta kai wa hukuma labari. Da wajen ƙarfe ɗaya na dare masu sintiri suka buga ƙofar gidan wani 'yantacce, Manoel Calafate, a gangaren Ladeira da Praça, sai mutum wajen 60 suka fito musu da takubba, sanye da fararen riguna. Suka nufi kurkukun da ke ƙarƙashin majalisa domin su fitar da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, wanda aka tsare saboda bashin da ake bin ubangidansa. Ba su yi nasara ba. Suka zaga gari suna tattara mutane har suka kai kimanin 600, sa'an nan suka gangara bakin ruwa da niyyar fita zuwa gonakin rake. A barikin sojan doki na Água de Meninos aka tare su. Fiye da 70 suka mutu. Ranar 14 ga Mayu 1835 aka harbe mutum huɗu a filin Campo da Pólvora, domin an rasa wanda zai yarda ya rataye su. An yanke wa Licutan bulala 1,000. A 2025 masu binciken kufai sun tono ƙasusuwan mutane a wani fili da ke kusa da wurin, inda tsohuwar maƙabartar bayi take.

Hukuma ta ɗauka takardun da ta samu na shirin yaƙi ne. Sai ta nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta mata. Da masana irin su Vincent Monteil da Rolf Reichert suka nazarce su a shekarun 1960 da 1970, sai aka ga yawancinsu gajerun surori ne da addu'o'i da hatimai, wasu da hannun gwani, wasu da hannun ɗan koyo. An kuma samu alluna da tawada da carbi da layu ɗinkakku cikin fata. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane abin da yake kallo nan take, domin tsarin karatun bai sauya ba don ya ƙetare teku.

A nan akwai saɓani tsakanin masana wanda ya kamata mai nazari ya sani. Nina Rodrigues ya ɗauki tawayen a matsayin ci gaban jihadin Sakkwato, ya kuma ba Hausawa jagorancinsa. João José Reis, wanda ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1986, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gurfanar Yarabawa ne, Hausawa kuwa kimanin ɗaya cikin goma. A ganinsa addini da ƙabila da ƙuncin bauta ne suka haɗu. Paul Lovejoy kuma ya ci gaba da jaddada alaƙar da jihadi, yana mai nuni da abin da ya faru a Ilori. Abin da babu gardama a kansa shi ne, cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe, Elesbão do Carmo, wanda ake kira Dandará, 'yantacce mai sayar da taba, wanda shaidu suka ce yana koyar da karatu a shagonsa. Saboda haka mai son ya ga tawayen da Hausawa suka jagoranta da kansu sai ya koma baya da shekara 20 ko fiye, kamar yadda za a gani a ranar Asabar.

5.0 Kalmomin da Suka Rage

Bayan 1835 an tsananta wa Musulmi ƙwarai, har mallakar takarda mai rubutun Larabci ta zama abin kama mutum. Duk da haka jama'ar ba ta ɓace nan da nan ba. Wani malami Balarabe, Abdurrahman al-Bagadadi, wanda jirgin Daular Usmaniyya ya kai shi Birazil a 1866, ya tarar da su a Riyo da Bahiya da Resife, suna salla a ɓoye, ya kuma yi baƙin cikin yadda 'ya'yansu ke barin addinin. A farkon ƙarni na 20 Manuel Querino (1851–1923), wani baƙar fata ɗan Bahiya, ya rubuta al'adun waɗanda suka rage. Daga rubuce-rubucensa da na Nina Rodrigues da takardun shari'a ne ake samun kalmomin da ake magana a kansu. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda Yarabanci ne tsantsa, ko da asalinsu na nesa Larabci ne. Ita kanta kalmar malê daga imale take, watau Musulmi da Yarabanci. Haka nan alufá, malami, da tira, laya, da abadá, farar rigar da suka sa a daren tawaye, wadda ta fito daga agbada. Bai dace a jingina wa Hausa waɗannan ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda ake samu a Hausa da Yarabanci duka, domin Yarabawa sun ari kalmomin addini da dama daga arewa tun kafin a kai su Birazil. Misali shi ne machachali, ɗakin salla. Siffar kalmar ta Hausa ce, masallaci, mai ɗafa-goshin ma- na sunan wuri, amma Yarabawa ma suna cewa moṣalaṣi, don haka tana iya zama ta ƙetare teku a bakin Bayarabe. Haka limano ko lemane, watau liman. Sunayen salloli biyar da Querino ya kawo su ma a nan suke: açubá, ai-lá, ay-á-sari, alimangariba, adixá. Huɗu daga ciki Bahaushe zai gane su, asuba da la'asar da magariba da lisha. Ta biyun kuwa, aila, ita ce sunan azahar a Yarabanci, kuma ita ce ke nuna ta bakin wa jerin ya biyo.

Kashi na uku su ne mafi muhimmanci ga mai nazarin Hausa, watau kalmomin da Yarabanci ke da wata kalma dabam a madadinsu. Querino ya kira azumin shekara assumy. Bayarabe aawẹ yake cewa, kuma wasalin ƙarshe na kalmar ya yi daidai da azumi na Hausa, ba da saumu na Larabci ba. Sa'an nan akwai malomi, laƙabin da takardun 1814 suka ba shugaban masu tawaye, wanda ba shi da wata fassara sai malami. Akwai muçulmi ko mussurumim, sunan da wasu Musulmin suka fi so a kira su da shi maimakon malê. Daɗin daɗawa akwai amuré, ɗaurin aure. Wannan kalma tana da ban sha'awa ta fuskar karin harshe, domin aure ake cewa a Kano, amre kuwa a Sakkwato da maƙwabtanta. Idan aka lura cewa a Gobir da Zamfara da Kabi ne yaƙe-yaƙen farko na jihadi suka fi zafi, sai a ga harafin m ɗin nan guda ya dace da abin da tarihi ya faɗa game da inda aka kamo mutanen.

Akwai wata taskar kuma wadda ba a ci moriyarta sosai ba. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya yi hira da bayi 'yan Sudan ta Tsakiya, yawancinsu Hausawa, ya buga bayanansu a 1851. Abin da ya dame shi shi ne tatsuniyar mutane masu wutsiya, amma cikin amsoshin da suka ba shi akwai sunayen garuruwansu, da zangunan da aka bi da su har bakin teku, da jerin kalmomi. Wannan ya riga ƙamus ɗin Schön na 1876 da shekara 25, ko da yake Schön ya fitar da ɗan littafin kalmominsa tun 1843. Mai nazarin tarihin Hausa da bai duba abin da aka rubuta a Bahiya ba ya bar wata shaida ta farkon ƙarni na 19 a baya.

6.0 Alhamis: Kasuwa da Abinci

Bayan wunin takardu sai a huta a kasuwa. Mercado Modelo, wadda ke tsohon ginin kwastan a gindin na'urar hawa, ta masu yawon buɗe ido ce. Kasuwar mutanen gari ita ce São Joaquim, can gaba a bakin ruwa. A nan ake sayar da manja da kuɓewa da busasshen jatan lande da wake da tukwanen ƙasa da awaki, har da goro da namijin goro, waɗanda ake kira obi da orobô da sunayensu na Yarabanci, ana kuma amfani da su a bautar gargajiya.

A kusurwoyin titi mata masu fararen tufafi da ɗaurin kallabi suna soya acarajé. Ƙosai ne, sai dai da manja ake soya shi, ya fi na ƙasar Hausa girma, ana tsaga shi a cusa masa jatan lande da yaji. Abokinsa abará kuwa alale ne da aka dafa cikin ganyen ayaba. Waɗannan ta hannun Yarabawa da mutanen Dahomi suka zo.

Abincin da ya ɗauki sunan Hausawa shi ne arroz de hauçá, watau shinkafar Bahaushe. Yadda Querino ya siffanta shi a littafinsa na girke-girken Bahiya, wanda aka buga a 1928, ana dafa shinkafa ne cikin ruwa ba gishiri, a tuƙa ta da muciya har ta haɗe jikinta, a ƙara garin shinkafa don ta yi tauri, sa'an nan a ci da soyayyen busasshen nama da miyar barkono. Tuwon shinkafa ke nan ba ragi. Masu girkin yau sukan ƙara madarar kwakwa, amma tuƙin yana nan. Akwai kuma afurá, curin shinkafa da aka bari ta yi tsami, wanda ake damawa da ruwa da sukari a sha. Sunan da yadda ake sha duka sun yi kama da fura, illa dai shinkafa ta maye gurbin gero, domin ba a noma gero a wannan ƙasa mai yawan ruwa.

7.0 Juma'a: Fararen Tufafi

Ranar Juma'a baƙo zai lura mutane da yawa, har ma'aikatan ofis, sun sa farare. Sukan ce don girmama Oxalá ne, watau Obatala na Yarabawa, wanda mabiya addinin Candomblé suka haɗa shi da Yesun majami'ar Bonfim. Majami'ar tana kan wani tudu a yankin Itapagipe, an gama ginin ta a 1754, shingenta kuma ya lulluɓe da 'yan ƙyallaye masu launi-launi waɗanda ake ƙulla wa ƙulli uku, kowane ƙulli da buƙata guda. Wasu marubuta suna ganin haɗuwar farin tufa da ranar Juma'a gado ne daga Musulmin da. Fari dai launin Obatala ne tun a ƙasar Yarabawa, saboda haka abin da za a iya cewa shi ne al'adun biyu sun zauna gida ɗaya a Bahiya, sun kuma shafi juna.

Musuluncin Malê ya ƙare da mutuwar tsofaffin ƙarshe a farkon rabin ƙarni na 20. Masallacin da ake sallar Juma'a a cikinsa a unguwar Nazaré sabo ne, an kafa shi a farkon shekarun 1990, ɗaliban Afirka ta Yamma da Birazilawan da suka musulunta ne suka raya shi. Ba shi da nisa da Campo da Pólvora.

8.0 Asabar: Itapuã

Itapuã unguwa ce a bakin teku, arewa da tsakiyar gari, mai farin rairayi da itatuwan kwakwa da wani tafki mai baƙin ruwa da ake kira Abaeté. A farkon ƙarni na 19 ƙauyen masunta ne, inda bayi ke aikin kamun kifi da narka kitsen manyan dabbobin teku don man fitila.

Tawayen Hausawa na farko an shirya shi ne a watan Mayu 1807, a ranar wani bikin coci. Gwamna Conde da Ponte ya samu labari ya kama shugabannin, aka kuma samu kibau da bakuna da layu. Bayanan hukuma sun ce niyyarsu ita ce su ƙwace jiragen ruwa su koma gida. A Janairu 1809 wasu ɗaruruwa suka gudu daga birni da gonaki, suka kai hari garin Nazaré das Farinhas. Mafi girma shi ne na 28 ga Fabrairu 1814, lokacin da mutum fiye da 200 suka afka wa wuraren kamun kifi na wannan gaɓa, suka ƙone su, suka wuce Itapuã, suka nufi gonakin rake, kafin sojoji su tare su a bakin kogin Joanes. Shugabansu shi ne João Malomi da aka ambata a baya. An kashe da yawa a fagen fama, an rataye wasu, an yi wa wasu bulala. Wannan karyewa na cikin dalilan da suka sa a 1835 Hausawan da suka rage, waɗanda da yawansu sun manyanta, wasu kuma sun 'yantu sun kama sana'a, ba su fito da yawa ba.

A wannan unguwa ce aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê a 1979, don tunawa da masu tawayen. Tana cikin ƙungiyoyin baƙaƙe da suka biyo bayan Ilê Aiyê ta 1974, waɗanda suka mai da bikin Karnabal dandalin koyar da tarihin Afirka. Kalmar abadá kuwa yanzu sunan 'yar rigar da ake saya ne don a shiga ayarin rawa a wannan biki. Wannan kyakkyawan misali ne na yadda kalma takan rayu bayan ma'anarta ta farko ta gushe.

9.0 Lahadi: Barra da Waɗanda Suka Komo

Ranar ƙarshe ta hutu ce a Barra, inda tsinin ƙasar ya ƙare. Akwai tsohon sansanin soja mai hasumiyar fitila, inda aka fara kunna fitila a 1698. Mutanen gari sukan taru a kan ciyawa da yamma, idan rana ta faɗi su tafa mata. Ta wannan mashigi jiragen bayi suka riƙa shiga har 1850, lokacin da Birazil ta hana cinikin da gaske. Bautar kanta sai 13 ga Mayu 1888 aka soke ta.

Ta nan kuma wasu suka fita. Bayan 1835 hukuma ta kori 'yantattun 'yan Afirka da ta zarga, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu don gudun tsangwama. Su ne Aguda na Ikko da Wida da Fotonobo, su ne kuma Tabom na Akkara, waɗanda babban ayarinsu ya sauka a 1836, aka kuma laƙaba musu wannan suna daga gaisuwarsu ta Fotuganci. Cikinsu akwai Musulmi da yawa, har da masu asalin Hausa. Sun koma da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Masallacin Shitta-Bey na Ikko, wanda aka buɗe a 1894, wani magini daga cikinsu ne ya tsara shi, babban masallacin Fotonobo kuma fuskarsa irin ta majami'un Salbador ce.

10.0 Kammalawa

An ga cewa Afirkar da ta fi fitowa fili a Salbador ta Yarabawa ce, a addini da abinci da waƙa, har Jami'ar Bahiya ta fara koyar da Yarabanci tun wajen 1960 a cibiyarta ta nazarin Afirka da Gabas. Rabon Hausawa kaɗan ne a kan titi, saboda sun zo cikin ɗan gajeren lokaci, yawancinsu maza, addininsu kuma shi aka fi tsangwama. Amma a cikin takardu rabonsu yana da yawa, kuma mafi yawan masanan da suka karanta waɗannan takardu ba su jin Hausa. Sunayen mutane da na garuruwa da Turawan Fotugal da Faransa suka rubuta yadda kunnensu ya ji, da jerin kalmomin Castelnau da na Nina Rodrigues, da rubutun da ke gefen layun 1835, duk suna buƙatar wanda ya san kare-karen Hausa da ƙa'idojin ajami ya zauna a kansu. Aiki ne da ya dace da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Nijeriya da Nijar, kuma sharaɗinsa na farko shi ne a samu ɗalibai masu koyon Fotuganci.